Ɗan wasa na biyu: littafin aikin darussan saba a Damagaram

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Na sayi sabon kaye yau saboda wannan aiki, don wata biyu ke nan ina fama da shi, kuma na fara ganin ina komawa kan kurakuran da na riga na gyara. Abin da nake son yi darussa ne da Hausa, goma in Allah ya yarda, waɗanda za su koya wa yaro rubuta umarnin da ke tafiyar da sabar wasa. Saba ita ce kwamfutar da ke riƙe da duniyar wasan. Kowa ya shiga ta wayarsa, a can ake haɗuwa, kuma abin da ta yanke shi ne hukunci.

Abin ya samo asali ne a fadarmu ta Zango. Bayan isha'i a ɗora shayi, yara kowa ya duƙufa kan wayarsa yana buga Free Fire har megarsa ta ƙare. Wani dare ƙanena ya ɗago kai ya ce, "Yaya, wai wa ke kafa dokokin cikin wasan nan? Wa ya ce in an kashe ka sai ka jira?" Na ce masa mutane ne irinmu, zama suka yi suka rubuta. Ya ce to shi ma zai rubuta nasa. Tambayar ta zauna mini a rai, don irinta ce ta sa ni ma na fara buɗe cikin kwamfuta.

Na auna wasanni da dama kafin in tsai da ɗaya. Yaran sun fi son GTA San Andreas, kuma akwai manhajoji biyu da ke sa a buga shi da jama'a a saba: SA-MP da ake rubuta wa umarni da harshen Pawn, da MTA mai amfani da harshen Lua. FiveM na GTA V yana son kwamfuta mai ƙarfin da babu irinta a shagona. Roblox kuwa sai da intanet. Daga ƙarshe na zaɓi Luanti, wanda har zuwa Oktoban bara ake kira Minetest. Wani ɗan ƙasar Finlan, Perttu Ahola, ya fara shi a 2010. Kyauta ne, duniyarsa ta tubala ce da ake haƙa ana ginawa, kuma yana tafiya ko a wayar Android mai arha. Abu biyu suka ja ni gare shi. Duk umarnin a saba yake zaune, yaro ba ya saka komai a wayarsa ban da wasan kansa, in ya shiga hotuna da sautuka su sauko masa. Sannan ba ma ƙona ko mega ɗaya: wayata ta raba rezo, tsohuwar kwamfutar shago ta zama saba a ƙofa mai lamba 30000, sauran su rubuta adireshinta su shigo.

Harshen da ake rubuta wa Luanti umarni da shi Lua ne, wanda masana uku suka ƙirƙira a wata jami'a ta Riyo da Janero a Burazil a 1993. Ma'anar sunan da Fotugisanci shi ne watan sama, yaran kuwa tuni suka laƙaba masa "harshen farin wata".

Ɗalibaina biyar ne: ƙanena, ɗan yayata da ƙanwarsa, da abokansu biyu ƴan lise.

Asabar, 11 ga Janairu

Darasi na ɗaya ya faɗi warwas. Shafi shida na rubuta, bisa tsarin da aka karantar da mu a lakwal: ma'anar kaza, ire-iren kaza, sai can a shafin ƙarshe ake taɓa wasan. Na miƙa wa ɗan yayata na ce ya bi shi kaɗai, ni kuma na yi wa kaina alkawarin ba zan ce uffan ba. A shafi na uku ya ajiye takardar ya ce, "Kawu, yaushe za mu fara?"

Daren nan na sake shi daga tushe. Yanzu darasin rabin shafi ne. Ka buɗe jaka mai suna `sannu`, ka sa fayil biyu a ciki. A `mod.conf` ka rubuta `name = sannu`. A `init.lua` ka rubuta wannan:

```
core.register_chatcommand("sannu", {
    func = function(name, param)
        return true, "Sannu da zuwa, " .. name
    end,
})
```

Washegari ya dawo, ya rubuta, ya shiga wasan, ya buga `/sannu`, wayarsa ta gaishe shi da sunansa. Ban ce masa komai ba ya koma ya canza gaisuwar zuwa "Barka da hantsi", ya kira ƙanwarsa ta zo ta gani. Bayan ya ga `name` ya rikiɗe ya zama sunansa da idonsa, bayanin da na ɓata shafi biyu a kansa jimla biyu ta ishe shi. Gani ya kori ji. Na rubuta a bangon kayen: kafin minti goma su cika, dole wani abu ya motsa a cikin wasan.

Shirun nan da na yi shi ya fi komai wuya, shi kuma ya fi komai amfani. Sau uku ya tsaya, kuma duka ukun ba a kan Lua ba ne. Ya ajiye fayil ɗin da sunan `init.lua.txt` bai sani ba, don Windows yana ɓoye wutsiyar suna. Bai san sai an kunna mod ɗin, wato jakar umarnin da ya rubuta, a saitin duniyar ba. Bai kuma san in ya gyara rubutu sai ya fita daga duniyar ya sake buɗe ta kafin gyaran ya kama ba. Abubuwa ne da hannuna ke yi ba tare da na yi tunani ba, shi ya sa ko ɗaya ban rubuta ba. Da na buɗe baki na taimake shi, da takardar ta ci gaba da zama da ramukanta, yaron da zai karanta ta a Mirriya ko Magarya kuwa ba ni kusa da shi.

Lahadi, 19 ga Janairu

Ɗaya daga cikin ƴan lisen ya zo ransa a ɓace. Ya sayi mega da kuɗin karin kumallonsa, ya kalli wani tuto, wato darasin bidiyo, a YouTube kusan awa guda, ya kwafi komai harafi bayan harafi, abu ya ƙi tashi. Har ya fara cewa wataƙila kansa ne ba ya ja.

Muka zauna muka bi diddigi. Laifin ba nasa ba ne. Tuton tsoho ne, na zamanin da ake sauke Minetest tare da wasansa na asali a ciki. Tun fitowar 5.8 a ƙarshen 2023 aka daina haɗa su, sai ka sauko da wasan daban. Rubutun da ya kwafa yana neman `default:dirt`, shi kuwa wani wasa dabam ya saka a kwamfutar gidansu, wanda babu wannan suna a cikinsa. Akwai kuma wani layi da ya tsinto a wani wuri mai raba lamba da `//`. Wannan alama sai a Lua 5.3 ta 2015 ta shigo, Luanti kuwa a kan Lua 5.1 yake tafiya. Ko sunan da ake kiran umarnin da shi, tsofaffin darussa `minetest.` suke rubutawa, sababbi `core.`, duka biyun suna aiki, amma in ba a gaya wa yaro ba sai ya ɗauka abu biyu ne.

Daga yau kowane darasi zai buɗe da layi ɗaya: an gwada shi a Luanti 5.10, da wasan Minetest Game, ranar kaza. Mai rubuta darasi bai isa ya hana wasa canzawa ba, amma ya isa ya faɗi ranar da maganarsa take gaskiya.

Na kuma yanke cewa a takarda za mu tsaya, ba bidiyo ba. Bidiyo yana cin mega, rubutun cikinsa ƙanana ne a fuskar waya, kuma ba ka iya sa yatsa a layi na bakwai ka tsaya a kansa.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Abin da ya faru yau ya sa sai na sake darussa huɗun da na gama.

Darasi na huɗu gasa ce ta haƙa. Muna gina wata unguwa mai kama da Birni, da lungunanta da manyan duwatsun nan namu, ana buƙatar ƙasa da yawa, sai na ce bari mu sa saba ta riƙa ƙidaya tubalan da mutum ya haƙa, wanda ya fara kai ɗari ya ci. Na rubuta ma'ajiya ɗaya mai suna `kidaya`, ta fara daga sifiri, duk tubalin da aka haƙa a ƙara mata ɗaya. Na gwada da dare ni kaɗai a shago. Na haƙa goma ta ce goma. Na buga takardar hankalina kwance.

Yau su biyar suka shiga tare. Ba a yi minti biyu ba saba ta sanar cewa ƙanena ya kai ɗari, alhali shi da bakinsa ya ce bai fi ashirin ba. Gardama ta kaure. Ƴar yayata ce ta gano: ta ajiye wayarta ba ta haƙa komai ba, ta buga `/nawa`, umarnin da ke nuna ƙidayar, ta sake bugawa, lambar tana ta hawa. Ta ce, "Kawu, ai randa ɗaya muke zuba wa ruwa mu duka."

Haka ne kuwa. Rubutun sau ɗaya yake tashi a saba, ba sau ɗaya ga kowane ɗan wasa ba. Ma'ajiya ɗaya na yi, don haka ɗaya ce ga kowa. Da farko na ce musu gyaran shi ne a sa `local` a gabanta, don haka na sha karantawa, cewa `local` ke hana abubuwa cakuɗewa. Muka sa, ba abin da ya canza. Sai da na natsu na ga dalili: `local` a saman fayil yana ɓoye ma'ajiyar ne daga sauran mod-mod, ba ya raba ta tsakanin ƴan wasa. Randar ta koma cikin gida an rufe ƙofa, amma har yanzu duk ƴan gidan ita suke sha. Abin da ake so kowa da butarsa, wato tebur wanda sunan ɗan wasa ne mabuɗin kowane gurbi:

```
kidaya[suna] = (kidaya[suna] or 0) + 1
```

Wannan `or 0` ɗin ma darasi ne, don wanda bai taɓa haƙa ba gurbinsa babu komai, kuma Lua ba ta ƙara ɗaya a kan babu.

Bayan sun tafi na daɗe zaune. Na sake duba darussan da na tara daga intanet, na Turanci da na Faransanci, na ga da yawansu irin kuskurena ne ke kwance a cikinsu. Marubucin shi kaɗai ne a ɗakinsa, ya gwada shi kaɗai, ya ga ya yi, ya wallafa. Darasin ya koyar da harshen daidai, amma ya manta cewa sabar ta jama'a ce. Duk wata wahalar wannan sana'a daga mutum na biyu take farawa: wa ya yi abin, wa za a gaya wa, me zai faru in biyu suka yi a lokaci guda, me zai faru in ɗaya ya tashi ya tafi. In darasi ya bar wannan sai babi na tara, to babi takwas ya yi yana koya wa yaro ɗabi'ar da zai zo ya kwance.

Don haka na koma har darasi na ɗaya. Yanzu kowanne yana rufewa da sashe mai suna "Kira abokinka", da tambayoyin da za a gwada da waya biyu. A na ɗaya tambayar ita ce: in ka buga `/sannu`, abokinka yana ganin gaisuwar? Ba ya gani. Daga nan yaro zai san bambancin `chat_send_player` da `chat_send_all`, raɗa da shela, tun ranar farko. Wanda ba shi da aboki kusa ya buɗe wasan sau biyu a kwamfuta ɗaya da suna biyu.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Hazo ya rufe gari tun safe, kuran kuma ya ɗauke, batirin kwamfutar shago ya daɗe da mutuwa. Ba mu kunna komai ba. Muka zauna da kaye muna gardamar kalmomi.

Ƙanena yana son a mai da komai Hausa. Na ce masa `function` da `end` da `nil` ba namu ba ne da za mu canza, haka na'ura take son su, kuma yaron da ya saba da su a haka zai iya karanta rubutun kowa a duniya. Amma sunayen da mu muke raɗawa, da bayanin gefen layi, da saƙon da ɗan wasa zai gani, duk Hausa. Mun amince da "ma'ajiya", da "tebur", da "aiki". Ga ayyukan da ake bai wa saba ajiya ta kira su in wani abu ya faru, kamar shigowar ɗan wasa, ɗan yayata ya kawo "mai gadi": yana zaune a ƙofa, ba ya motsi sai an taɓa ta. Na karɓa hannu biyu.

Haruffanmu masu ƙugiya suna da tarko biyu da dole in rubuta. Sunan mod ba ya karɓar komai sai ƙananan haruffan boko na a zuwa z, da lambobi, da layin ƙasa, don haka `kasa` za a rubuta ko da ƙasa ake nufi. Sannan in ka tambayi Lua tsawon kalmar "ƙasa" za ta ce 5, don ƙ gurbi biyu take ci a ma'ajiyar na'ura. Ba wani darasin waje da zai gaya wa Bahaushe wannan.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Darasi na shida ya zama wanda na fi alfahari da shi, kuma da gangan yake karya saba.

Umarni ne ƙarami: ka buga `/gida`, saba ta jira daƙiƙa goma da `core.after`, sannan ta ɗauke ka ta kai ka ƙofar gidanka. Takardar ta ce: rubuta shi, gwada shi, ya yi. Yanzu ka ce wa abokinka ya buga `/gida` ya fita daga wasan kafin goman ta cika.

Suka yi. Saba ta mutu nan take, aka watso su huɗun da suka rage waje gaba ɗaya. A Luanti kuskuren Lua da ba a tare ba yana tsai da saba dungurungum, ba mai laifin kaɗai yake shafa ba. Suka yi tsit suna kallona. Na nuna musu takardar, don sashe na gaba yana cewa: buɗe fayil ɗin `debug.txt`, gangara ƙasa, nemi layin da ke da sunan mod ɗinka.

Saƙon da Turanci yake fitowa, yaranmu kuwa Faransanci suka yi a lakwal, shi ya sa na buga shi a takardar yadda yake, na warware shi gaɓa-gaɓa. `init.lua:14` shi ne fayil da lambar layi. `attempt to index` na nufin ka miƙa hannu cikin wani abu. `a nil value` na nufin abin babu shi. Ka aiki yaro ya kira mutum, ya je ya tarar ya tashi, kai kuma ka ci gaba da magana da shi. `core.get_player_by_name` tana dawo da `nil` in mutumin ya fita, sai ka duba kafin ka taɓa shi. Layi ɗaya ne gyaran.

Na lura da wani abu a fuskokinsu. Kafin yau, jan rubutu in ya fito sai su ture kwamfutar su ce "ta lalace". Da yamma ɗan lisen nan da ya ce kansa ba ya ja ya manta `end` ɗaya, saba ta ƙi tashi, ban ji ya kira ni ba. Na leƙa na gan shi yana ƙirga layuka da yatsa. Darasin da bai taɓa nuna wa yaro kuskure ba ya bar shi ya gamu da shi ranar da babu kowa kusa, ni kuwa na fi son ya gamu da shi a shafin da amsar take ƙasansa.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi ya shigo, mun mai da zama bayan sallar asham. Suna zuwa da kunu a kwano, ba a wuce awa ɗaya.

Mun kai darasin kasuwa. Sun gina rumfuna sun sa mata suna Dole, kuɗin wasan kuma muka kira shi wuri, irin wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi a nan Damagaram. Umarnin shi ne `/biya`, sai suna, sai adadi. Wannan karon na gwada da waya biyu kafin in buga, na tura hamsin, ta fita nan ta shiga can.

Ba a yi rabin awa ba ƴar yayata ta fi kowa kuɗi, sauran kuma aljihunsu ya koma ƙasa da sifiri. Na tambaye ta. Ta ce, "Kawu, ni ban saci komai ba. Na biya yayana -50 ne, saba ta ba ni." Cire -50 daga nata ƙari ne, ƙara -50 a nasa ragi ne. Lissafin ajinsu ne ta kawo. Da ta ga haka sai ta gwada biyan kanta da kanta, nan ma kuɗin ya ƙaru, saboda rubutuna yana karanta aljihu biyun tun farko, ya rubuta na mai biya, sannan ya rubuta na mai karɓa a kansa.

Ban yi mata faɗa ba, na ba ta sashe guda a darasin ta rubuta da kanta, muka kira shi "Zama ɓarawo". Kafin ka buɗe wa jama'a umarni, ka zauna ka yi ƙoƙarin cutar sa: sa harafi a wurin lamba, sa lamba mai ragi, sa rabi, sa abin da ya fi aljihunka, sa sunan wanda ba ya nan, sa sunanka. Umarnin da ya fara da layi takwas ya koma ashirin da ƴan kai, kuma ƙarin duk bincike ne. Na ƙara musu bayanin cewa wasan buɗaɗɗe ne, kowa na iya gyara wanda ke wayarsa ya riƙa aiko da abin da ya ga dama, don haka duk abin da ya fito daga waya da'awa ce, saba ce alƙali.

Maganar ta kai mu ga amana. Mai riƙe da saba yana iya bai wa kansa ikon tashi sama, da ikon ƙirƙirar kaya daga babu, da ikon korar mutum. Na gaya musu darasin zai koya yadda ake ɗaure umarni da `privs`, wato izinin da saba ke bai wa ɗan wasa, don kada kowa ya taɓa shi, amma wanda aka bai wa mabuɗi ya san abin mutane ne a hannunsa, ko da wurin wasa ne. Ƴar yayata ta mayar wa kowa kuɗinsa kafin mu tashi.

Lahadi, 23 ga Maris

Kuran ya ɗauke ana tsakiyar ciniki. Da ya dawo, gine-gine suna nan, amma wuri ko ɗaya babu a aljihun kowa. Tebur ɗin Lua a ƙwaƙwalwar na'ura yake zaune, in saba ta tsaya ya tafi. Da na so in bar ajiya ta dindindin sai darasi na tara, amma a garin nan ba ta jira. Na dawo da ita na biyar: `get_meta` da `set_int`, kuɗin kowa ya shiga cikin fayilolin duniyar. Gwajin darasin shi ne a kashe saba a kunna a duba.

Ƙanena kuma ya sa lissafi mai nauyi a `register_globalstep` don fitilun kasuwa, wasan ya riƙa sarƙewa ga kowa. Wannan mai gadin ana kiran sa kusan sau 11 a daƙiƙa, kuma duk rubutun Lua na saba a layi ɗaya yake bi, in ɗaya ya tsaya kowa ya tsaya. Muka sa shi ya riƙa aiki sau ɗaya a daƙiƙa biyar. Zai shiga darasi na takwas.

Asabar, 12 ga Afrilu

Zafi ya kai inda kwamfutar ke kashe kanta da rana, sai mun ɗora ta kan tubala biyu iska na shiga ta ƙasa. Da hantsi muke aiki yanzu.

Yau aka yi gwajin da na daɗe ina jira. Wani yaro mai koyon gyaran waya daga Garin Malam, wanda bai taɓa zama da mu ba, aka ba shi darussa takwas a takarda da kwamfuta da waya ɗaya. Ƴar yayata ta zama ɗan wasa na biyu, da sharaɗin ba za ta yi magana ba sai abin da takarda ta ce abokin ya yi. Ni na zauna a bakin shago da kaye.

Darasi na ɗaya minti tara. Na biyu da na uku bai ɗago kai ba. A na huɗu ya tsaya kusan minti ashirin. Na rubuta "ƙara wannan a ƙarƙashin na baya", shi kuma ya sa shi a ƙarƙashin layin baya, cikin aikin, kafin `end`, ni kuwa ƙarƙashin aikin gaba ɗaya nake nufi. Ɗalibaina biyar ba su taɓa tuntuɓe a nan ba don sun ga hannuna yana yi. Shi ya buɗe `debug.txt` da kansa, tun kafin ya kai darasin da ke koya shi, don na ambace shi a gefen shafin farko. Ya gano layin, amma bai gano inda ya kamata ya mai da shi ba, har ya juyo ya ce, "Malam, a ina ƙarƙashin yake?"

Gyaran zai ci takarda: kowane darasi zai ƙare da fayil ɗin gaba ɗaya yadda ya kamata ya kasance, sababbin layuka da alama a gefe. Na ƙirga, shafi bakwai za su ƙaru, kuɗin fotokofi zai hau. Zan rage girman hotuna in cike gurbin.

Ya tsaya a ƙarshen na biyar da azahar ta yi, ya kashe saba ya kunna, ya ga wurinsa 30 suna nan. Ya tambaya ko zai iya tafiya da takardun gida, na ce sai na gyara na huɗu. Ya kuma tambaya ko ana iya sa raƙumi ya riƙa yawo a kasuwar, wanda in mutum biyu suka kama akalarsa ɗaya kaɗai zai hau. Na tara da na goma ban rubuta su ba tukuna, na tara da na ware wa ajiya kuma ya zama fili. Na rubuta "raƙumi" a gurbinsa. Asabar mai zuwa zai dawo da ƙaninsa, su ci gaba daga na shida.